Teburin Ermelinda

Ran Talata aka sauke shi daga mota,
maza biyu na nishi, ƙafarsa ɗaya na ɗingishi.
Graciete ta biyo baya, jaka a hammata:
"Anacleto, so nake ya yi haske.
Gidan zan sayar, kuma mutanen Porto
ba sa son baƙin abu a ɗaki."

Na ɗora tafi a kansa, tafin ya zame.
Na karta da farce, farcen ya cika da danƙo.
Kakin zuma na shekara arba'in da ɗoriya,
aikin uwarta, Ermelinda, duk Asabar,
tsumma a hannu, rediyo na lissafa jiragen ruwa,
shafi bisa shafi,
kamar mai ƙara wa majinyaci bargo.

Yarona Tadeu ya zaro sanfefa.
Na ce, ajiye.
Kaki zai toshe mata haƙora tun a gugar fari,
zafi ya narkar da shi, ya kora shi cikin jijiya,
ka shafa sabon fenti ya ƙi zama,
ya taso, ya ɓare kamar ɓawon albasa.
Buɗe tagogi tukuna,
iskar kogin Lima ta shigo ta raba mu da wari.

Tina a kwano, soson ƙarfe mai laushi.
Bi jijiyar katako, kar ka ƙetare ta.
Faɗin tafi ɗaya: jiƙa, dakata, goge.
Sauya tsumma.
Tsumman da ya ƙoshi ba ya ɗauka, mayarwa yake.

Kaki ɗan kwanan waje ne, ka kore shi ya tafi.
Mai kuwa baƙo ne da ya zama ɗan gida,
ka share shi da yamma, ka tarar da safe
ya yi gumi ya fito ta ramukan itace.
Sai mu sake.
Da dare tsummokaran su kwana a bokitin ruwa,
don tsumman mai yakan hura wa kansa wuta
in an bar shi a dunƙule; na gani da idona
shekarar da shagon Baltazar ya koma toka.

Rana ta uku teburin ya fara magana.
Ga zoben da tukunyar miyar kabeji ta ƙona,
ga sarar wuƙa inda ake yanka busasshen kifi,
ga lissafin wani yaro da ya danne alƙalami.
Can a kusurwa, inda kakin ya fi kauri,
inda na ƙarar da tsumma bakwai,
wani ya zana jirgi da tsinin ƙusa,
ƙarƙashinsa harufa huɗu: CUST.

Graciete ta zo biyan rabin kuɗi.
Ta tsaya. Jakar ta sauka ƙasa da kanta.
"Custódio," ta ce. "Shekararsa tara.
Mama ta kwaɗa masa mari kafin ya kai ƙarshen sunan."
Yana sha tara ya bi masunta arewa,
tekun da ƙanƙara ke yawo kamar tsaunuka.
Jirgin ya dawo.
Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Na tsoma yatsa a ruwa, na ɗiga a tsakiya.
Ranar farko ɗigon ya tsaya tsaf kamar dutsen wuya;
yau katakon ya shanye shi, ya bar duhu kaɗan.
Na ce, ya buɗe, yanzu zai karɓi duk abin da aka ba shi.

"Kar sanfefa ta taɓa nan."
Na ce, to.
Tadeu ya kawo allon launuka, yana jira.
Ko kallonsa ba ta yi ba.
Babban yatsanta na bin tsinin jirgin
ta ce, "Har yanzu ana samun kakin zuma
a kasuwar Juma'a?"

Na dubi bokiti, na dubi baƙaƙen faratana.
Kwana uku.
Na ce, ana samu, wajen matar da ke sayar da kyandir.