Hatimin Ranar Talata

Ni ne mai hatimi a ofishin rajista.
Tebur ɗaya, fanka mai kuka, agogon da ba ya karɓar roƙo.
Shekara sha tara ina murza 'yar ƙafar roba
kowace safiya kafin in kurɓi koko,
in daidaita wata, in daidaita rana.

Talata, bayan azahar,
Barista Nafi'u ya faɗo ofis yana haki,
kwat a kafaɗa, igiyar takalmi na jan ƙasa,
ɗaurin takardu a ƙirji
kamar wanda ya ceto jinjiri daga gobara.
Ya dire, ya ce, "Malam Zayyana, buga mana."

Na duba ranar hukunci. Na ƙirga da yatsu.
Na koma na ƙirga da carbi, kada in zalunce shi.
Ashirin da biyu.
Doka ta ce ashirin da ɗaya,
ba ta ce in hali ya yi ba.
Na ce, "Barista, ƙofa ta rufe jiya, an wuce da kwana."

Ya ce, "Akwai Lahadi uku a ciki, ga hutun Maulidi."
Na ce, "Shari'ar zaɓe ba ta san Lahadi ba.
Ba ta zuwa Maulidi, ba ta zaman makoki.
Tulu ce mai tsaga,
kana barci tana zuba,
ka farka ka tarar da laima a tabarma, babu na alwala."

Sai ya kwance mini buhun uzuri:
mai ƙara bai haɗa kuɗi ba
sai da ya sayar da gonar gado a Batagarawa,
mai buga takardu a Ƙofar Ƙaura
janaretonsa ya mutu a shafi na arba'in,
babban lauya yana Abuja, waya a kashe.
Duk na yarda. Ko ɗaya ba ya zama kwana.

Ya sunkuyo, ya rage murya.
"Roba ce fa. Taki ɗaya baya.
Daga ni sai kai sai fanka."

Bai san ni ma na bi layi a Rafindadi ba,
rana na cin ƙeyata har la'asar,
na dangwala wa wannan mai ƙarar da babban yatsana.
Bai san Inna Dudu, katanga ɗaya da gidana,
ita ce wakiliya a rumfarmu ba.
Ta ɓoye kwafin sakamako a gwangwanin madara,
ƙarƙashin gado, wata biyar.
Ɗari uku da sha huɗu aka ƙirga a gabanta,
talatin da huɗu aka karanta a rediyo.
Ta tsaya gaban alƙalai, gyale na rawa,
murya ba ta rawa.

Hatimin ya yi mini nauyi kamar dutsen niƙa.
In na murza shi baya don wanda nake so,
gobe wani zai murza shi don wanda yake tsoro,
to ina bambancina da mai goge sifili a Rafindadi,
ko mai cire ɗaya daga tsakiya?
Na buga. Talata ta fito baƙa ƙirin a kan takarda.
Tawadar ta kama har gefen hannuna.

Can sama, an ce, minti bakwai aka yi.
Ba a kwance ɗaurin ba.
Ba a ce ya yi gaskiya ba, ba a ce ya yi ƙarya ba,
an ce ya makara.
Magoya baya suka cika bakin titi suna ihu bayan hari,
mai rake ya yi ciniki, kowa ya watse.

Da daddare Inna Dudu ta leƙo ta katanga.
"Zayyana, an duba takardata?"
Na ce, "An karɓa, Inna."
Ta ce, "Ba karɓa na tambaya ba."

Na tsaya da buta a hannu.
Daga wajen Gobarau aka kira isha'i,
a kan lokaci, kamar kullum.
Washegari na isa ofis da wuri,
na murza robar gaba, Laraba,
na goge yatsa a jikin rigata, na zauna.