Gwanki a Cikin Waya

Rumfata tana bakin Ƙofar Guga,
inda nake cajin wayoyin mutane,
igiyoyi sun sarƙe kamar yaɗon kabewa.
Bayan La'asar, janareto na tari,
Baba Nomau kan jawo benci
ya ce, "Haladu, buɗe mini dajin."

Dajin na minti uku ne.
Ciyawa har wuya, wata murya na zuba Turanci,
ba ya ji, bai kuma nemi fassara ba.
Zakanya ta lafe tana hararar garke.
Ya ce, "Iska na bayanta, yau ba ta da rabo."
Haka kuwa aka yi.

Ran Talata gwanki ya fito,
ƙaho lanƙwashe, fuska kamar an shafa toka da gawayi.
Tsohon ya kai yatsa ya taɓa gilashin,
hoton ya tsaya cak.
Ya ɗauka dabbar ce ta gane shi.
Ban ce komai ba.

"Irinsa na bi wa sawu kwana biyu a Rugu,
shekarar da fara ta cinye gero.
Na cim masa a bakin tafki,
na ɗana kibiya, sai ya ɗago ya dube ni
kamar wanda yake bina bashi.
Na sauke baka."
Na ce, Baba, ko dai hannu ne ya yi rawa?
Ya ce, "Kai, kula da cajinka."

Wani lokacin tarihi ke biyo baya:
birnin da yashi ya binne,
masana da ɗan buroshi suna share kasko.
Ya kan kau da kai.
Garinsu shekara huɗu ke nan ba hayaƙi,
tukwanen matarsa suna nan a kife,
ba wanda ya je da buroshi.

Hinde, matar ɗansa, ke kawo masa fura.
Rannan ta tarar da Bature a kurmi,
shi kaɗai, wai, ba ruwa ba abinci,
yana murza kara don ya sami wuta,
yana yamutsa fuska kan tsutsar itace.
Ta yi dariya har luddai ya faɗi.
Ta ce, "In shi kaɗai ne, wa ya riƙe masa kamarar?"

Ita dare uku ta yi a ƙafa,
goyo a baya, wani a ciki.
Tsamiya suka tsotsa, da ɗanyar goruba,
ruwa kuwa na kwancen sawun shanu.
Duk sanda babura suka gifta
tafinta na kan bakin jariri,
tana ƙirga numfashinsa da yatsu.
Wannan bai kai minti uku ba a bakinta,
ta ɗauki kwanonta ta wuce.

Muka yi shiru, giwaye na wanka a hannuna.
Can ya ce, "Wannan dajin nasu,
akwai babura a ciki?"
Na ce ban taɓa gani ba.
Ya ce, "To Allah ya bar musu shi."

Jiya bai nemi daji ba.
Ya zo da rigar Juma'a, ya gyara hula,
ya ce in juyo da idon wayar gare shi.
Ya fara da tafkuna, kowanne da sunansa,
sai kukar da zuma ke kwana,
sai yadda ake gane kashin gada da na barewa.
Wayar ta ce ta cika.
Na goge ƙwallo, na goge bikin Lado,
na goge zakanyar da ba ta da rabo.
Aka kira Magariba yana kan tafki na bakwai.
Ya ce in ajiye, gobe za mu ƙetare rafi.