Sai Asabar Mai Zuwa

Biyar da rabi, yammacin Asabar,
ruwa na dukan rufin layinmu a Hull.
Sau uku na wanke hannu da lemun tsami,
ƙarnin kifi ya ce yana nan daram.
Talabijin ɗin na haya ne, sule goma a mako,
ba ya magana sai an mare shi.
Norris maƙwabci ya mare shi. Ya yi magana.

Ɗaki ya cika har bakin murhu.
'Ya'yan Misis Pickersgill na zaune a ƙasa, baki a zumɓure,
su dai a dawo musu da ta da,
mai dogon gashi, da aka sauke makon jiya
a wata duniya mai rana biyu.
Ba sa son sabuwa.
Na zuba shayi, na ja bakina.

Sai kiɗan nan, kamar iska a cikin bututu,
sai tsohon matafiyi da taragonsa
da ya bar dogo ya bi taurari.
Ya tsaya wata tasha, dare ya raba,
ga yarinya bayan taga tana ƙirga canji.
Ta ɗago kai.

Glenda.
Glendata, fari da baƙi, ba ta fi tafin hannuna ba.
Sun rage mata gashi, sun raɗa mata wani suna,
sun goge mata harshen garinmu tas,
sai haɓar nan ta ubanta, wadda almakashi bai iya ba.
"Baba," ta ce wa mutumin da ya ga ƙarshen zamani,
"ina tikitinka?"
Norris ya yi dariya har ya ƙware.

Ni na san abin da ke cikin tukunyar,
wasiƙarta na aljihuna.
Dodon da ke jan ƙafa daga duhu
Desmond ne, cikin roba da ledar azurfa,
mai fama da tari, sai an cire masa kai yake shan shayi.
Duniyar mai rana biyu ramin tsakuwa ce a kudancin Landan.
Sau tara, in ji ta, suka sa ta kurma ihu
kafin mai ba da umarni ya gyaɗa kai.

Sau tara!
Yarinyar da ko tari ba ta yi ba
ranar da ɗan kamfani ya tsaya a ƙofar nan, hula a hannu,
ya ce jirgin Walter ya daina amsawa
can ruwan arewa, inda ƙanƙara ke cin igiya.
Shekararta tara. Ta je ta ɗora ruwan zafi.

Ta yi ihun, na ji shi har cikin haƙori.
Tana gamawa ta sunkuci fitilar tasha
ta ƙwala wa Desmond a ka.
Yaran suka miƙe tsaye.
Ƙaramin ya juyo: "Wai da gaske 'yarki ce?"
An manta da mai dogon gashi.

Tsohon ya buɗe ƙofar tarago.
Babu komai bayanta sai baƙi da ɗige-ɗigen haske.
"Za ki zo?"
Na ce a raina, ki ɗauki rigar sanyi.
Ta dubi tagar tikiti, ta dubi makullin hannunta,
ta ajiye shi a kan benci a hankali,
yadda take ajiye min albashinta na kanti.
Ta shiga. Ba ta waiwayo ba.
Mutanen gidan nan ba sa waiwaye.

Sunaye suka hau, nata na huɗu,
an rubuta Thackray daidai, na duba.
Sai wata murya ta ce za a ci gaba Asabar mai zuwa.

Norris ya kashe akwatin,
hoton ya tsuke ya zama ɗigo fari, ya jima, ya tafi.
Kowa ya nemi takalminsa.
Na tsaya da kofuna a hannu ina juya maganar:
Asabar mai zuwa.
Shekara goma sha uku ina maƙwabtaka da teku,
bai taɓa sa mini rana ba.