Harafi Huɗu a Akwatin Wiebke

A Lübeck, daren da aka rufe shagon maganin ubanta,
Wiebke ta zauna a ƙasa tana kwance kaya.
Shuɗiyar kwalba ce ta fara fitowa,
zanen ƙoƙon kai a goshinta,
ƙarƙashinsa harafi huɗu: Gift.
Guba ke nan a bakin Bajamushe.
Tana 'yar shekara shida ta sha duka a hannu don ta taɓa ta.

Sai takardar da Torvald ya cike a Malmö,
shekarar da ya ɗauko ta a jirgin ruwa.
Gurbin da aka tambayi matsayinsa, ya rubuta: gift.
Ta ce, "Au, ni ce gubar?"
Ya yi dariya har tabarau ya zame masa,
ya ce a Sweden mai aure ake nufi,
"ko da yake," ya rage murya,
"gubar ma sunanta ke nan a wurinmu."
Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.
Shekara arba'in da ɗaya tsokanar ba ta tsufa ba.

Jiya kuma ɗan aike ya kawo ƙunshi daga Aberdeen.
Jikarta Morven ta rubuta a bayansa: gift.
Can kyauta ce kawai.
Safar ulu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Ciki ɗaya ya haife su, in ji ubanta,
uwarsu ita ce bayarwa.
Wani ya miƙa tsaraba,
wani ya miƙa ɗiyarsa,
mai magani ya auna ya miƙa abin sha,
ranar da awon ya zarce
aka yi wa mutuwa alkunya,
aka ce "abin da aka ba shi."
Suna ya bi ta, ya ƙi komowa.

Ta tuna damina ta ƙarshe.
Tana ƙirga ɗigon maganin ciwo a cokali,
bakwai, takwas, hannu na rawa.
Torvald ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Gift?"
Ta ce, "Da wane harshe?"
Ya haɗiye, ya yamutse fuska,
ya ce, "Ba ni ruwa tukuna."

Bai amsa ba har yau.

Ta nannaɗe kwalbar a cikin takardar auren.
Daɓen ya yi sanyi.
Ta sa safar, gajeruwar a ƙafar hagu.