Na Dama Bai Yi Kuka Ba

Teofilo ya shigo gareji da yamma liƙis,
jif ɗinsa na ƙwas-ƙwas kamar tsoho mai ciwon gwiwa.
Tun tana tsallake layin dogo na ji ta,
kafin in ga gishirin Uyuni
daskare a cikinta kamar kitse a bakin tukunya.

Ya ce, "Don Fermin, 'yar ƙara ce kawai,
a ɗaure noti, gobe ina da baƙi shida."
Na ce, "Sa jak."

Taya ta bar ƙasa. Na kama ta sama da ƙasa na jijjiga,
ta yi lako-lako kamar haƙori mai shirin fita.
Boljoyin ya gama yawo. Robarsa ta yage tun tuni,
giris ya gudu, ruwan gishiri ya tare a ɗakinsa.
Bushin ya tsattsage kamar faso a diddige,
shokazoba tana zubar da hawayen mai.

Nilda jikata ce ke riƙe da tocila,
yatsunta jajir don sanyi, ba ta ce uffan ba.
A tudun nan iska ba ta cika huhu:
bugun guduma uku,
sai ka tsaya ka roƙi numfashi.

Noti huɗu sun bi sifana salin-alin.
Na biyar ya ce sam.
Na shayar da shi mai, ya ƙi.
Na ƙara wa sifana bututu, muka danna mu biyu,
ta zame, ta kwashe min fatar yatsu uku.
Sai wuta.
Na gasa shi har ya koma launin barkono,
sannan ya saki, da kuka ɗaya tak.

Kayan sun zo a bas ɗin Oruro, cikin kwalin taliya.
Na buɗe. Na hagu kaɗai.
"Ai na dama bai yi kuka ba tukuna," in ji shi,
yana kallon takalminsa.
Na juya ganyen koka daga wannan kunci zuwa wancan.

Na Sabino ma bai yi kuka ba.
Ƙanena. Gangaren hanyar Tupiza, bana shekara sha ɗaya,
tayar dama ta durƙusa ƙarƙashin mota,
motar ta bi ta.
Hularsa muka fara gani, rataye a ƙaya.
Wannan kowa ya sani, garin ba shi da faɗi.

Ga wanda ba su sani ba:
na taka benci, na laluba bayan gwangwanayen fenti,
na sauko da ƙaramin kwali mai ƙura.
Ranar Juma'a ya kawo min shi da hannunsa.
Na ce masa, "Aiki ya yi min yawa,
je ka ka dawo Litinin."

Yana nan cikin ledarsa, giris bai ko bushe ba.
Irin motar ce, irin shekarar.
Ya zauna a gurbi daram,
kamar dama wannan Litinin yake jira.

Muka sauke ta a ƙasa kafin ɗaurin ƙarshe,
don roba ta san nauyin da za ta ɗauka.
Na miƙa wa Nilda sifana.
Ta ja har ta cije leɓe, na ce, "Ya isa. Sa fin."
Muka ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba,
muka daidaita su har suka kalli wuri ɗaya.

Ya zaga da ita bayan maƙabartar jiragen ƙasa,
inda hanya ta fi kowace mugunta,
ya dawo, ya kashe inji, ya sauke gilashi.
"Shiru," ya ce. "Nawa ne?"

"Na hagu, da aikin hannu.
Na dama an biya tun tuni.
Kuma ka riƙa wanke cikinta da ruwan daɗi kullum,
gishiri ba ya barci."

Nilda ta kashe tocila.
Na tsoma yatsuna a bokiti,
sai a lokacin suka fara zafi.