Littafin Awo

Ranar Talata Malam Barau ya raba mana waƙar,
shafi ɗaya, daga injin wani shago a Samaru.
Tawada ta gaza a baiti na uku,
kowa ya cike gurbin da abin da ya zo bakinsa.
Ya ce, "Ku gano mini dalilin mawaƙin nan
na kiran ɗan Adam takarda."

Hannuwa suka tashi.
Asabe ta ce ɗigon ruwa ya isa ya lalata ta.
Wani daga baya ya ce wuta ba ta neman izini.
Zubairu, mai son a san ya yi karatu,
ya ce fari fat ake haihuwarmu,
duniya ce ke bin mu da alƙalami.
Na rubuta duka, ban ɗaga hannu ba.
Fanka tana ta ɗaga gefen takardata
kamar mai son leƙa abin da na danne.

Da la'asar na bi bas ta Kwangila,
na sauka Tudun Wada.
Shagon Baba na nan yadda ya bar shi,
keken ɗinki lulluɓe da tsohon zanen Inna,
wata bakwai ba wanda ya taka shi.
A aljihun tebur, ƙarƙashin alli da almakashi,
littafin awo yake,
bangonsa ya yi laushi da mai da gumin yatsa.

Alhaji Tanko na Ƙofar Doka:
wuya sha bakwai, kafaɗa ashirin,
tsawo hamsin da takwas. Ya ba da rabi.
Alhaji Tanko ya rasu ina aji biyu a firamare,
ga wuyansa nan, sha bakwai,
bai rame ba, bai ƙaru ba,
har yau ana bin sa rabi.

Ga Sajan Mamuda, ga Ɗanlami direba,
ga ango da bai kai ranar ɗaurin aure ba.
Ga ni, kowace Sallah sabon layi,
da rubutun Baba mai jirkicewa hagu:
"A bar masa inci biyu, zai girma."
Na girma. Na cinye inci biyun.

Shafin ƙarshe suna ne kawai, ba lamba.
Tef na wuyansa tari ya sarƙe shi,
aka nemo mota zuwa Shika.
Shi da ya auna rabin unguwar nan,
da taƙi aka auna masa likkafani,
kuma ba wanda ya rubuta.

Malam, mawaƙin kara ya yi mana.
Takardar da ba ta kai kuɗin goro ba
ta raka mutum arba'in makwanci,
ta dawo ta kwanta a aljihun tebur.
Haka na yi niyyar rubutawa,
har na ji daɗin kaina.

Sai na juya littafin.
Daga baya, ta wajen ɗinki,
gara ta yi hanya, siririya kamar zare,
ta cinye hannun rigar wani,
ta fara taɓa sunan na kusa da shi.
Na busa, jar ƙasa ta zubo mini a cinya.
Ashe layi ɗaya muke bi,
ita dai tana can baya, ba ta gaggawa.

Magariba ta kawo jiki.
Inna ta leƙo, hayaƙi ya sa mata hawaye,
ko kuwa ba hayaƙin ba ne.
"Gawayin nan ya sha ruwa,
ba ni 'yar takarda in hura."
Littafin na hannun dama,
waƙar na hannun hagu,
jarrabawa saura kwana tara.

Na miƙa mata waƙar.