Dunduniya Waje

Feda biyu na saya wurin Njidda mai gyaran keke,
can bayan kasuwar Garwa,
ƙanana, bakinsu kamar na tarwaɗa.
Ya ce, "Waɗannan ba hawa ake yi ba, shiga ake.
Wanda ya san shiga, ya nemi sanin fita."

Ban tsaya ji ba.
Na taka, suka ce ƙyas, suka riƙe ni,
ni da keke muka zama dabba guda.
Na haura gadar Binuwai, iska na mari na,
dorina ta ɗago kai ta ga wucewata.

A mahaɗar hanyar Pitowa wata akuya ta gitta.
Na ja burki, keke ya tsaya,
ƙafa ta ce ba ta san zancen ba.
Haka na tafi gefe guda, a hankali, da mutuncina,
kamar buhun gyaɗa da aka jingine ba daidai ba.
Mai gasa kifi ta rufe baki da gefen zane,
kafaɗunta suka tona mata asiri.

Na koma wurin Njidda da gwiwar hannu a ɗaye.
Bai ce uffan ba.
Ya zaro ɗan makulli mai kusurwa shida,
ya sassauta wuyan fedar, juyi uku.
Ya kife takalmina, ya laluba tushen babban yatsa,
ya ja ƙarfen tafin zuwa nan, ya ɗaure,
ya ɗiga mai a kan noti.
"Bar ƙafa ta zauna yadda Allah ya yi ta.
In ka murɗe ta, gwiwa za ta kai ƙararka."

Sai ya jingine ni da darbejiyar ƙofar shago.
"Shiga. Fita. Dunduniya waje.
Kada ka ja sama, ba ƙaya ka taka ba."
Sau hamsin dama, sau hamsin hagu,
har aka kira la'asar, yaransa na ƙirga mini da Fillanci.

Yanzu tun daga nesa nake kwance ƙafar hagu,
kafin mahaɗa, kafin jandarma, kafin garken shanu.
In na taka laka, na sa tsinke na sakace tafin.

Jiya na tsaya gabanta, ƙafa ɗaya a ƙasa, cak.
Ta dube ni, ta juya kifinta,
ta ce, "Yau ba faɗuwa?"